Kwalba ta Huɗu

To, tun da aka hana motocin fetur hawa titi, sau ɗaya a shekara ake ba masu tsofaffin motocin ajiya mai, 'yar kwalba guda kamar ta turare. Iya Delu ce ke karɓo wa mijinta, Malam Tanimu bakanike, tunda idanunsa sun mutu.

Ranar nan ma'aikaciyar wurin rabon man ta miƙo mata kwalbar, ta rage murya. "Iya, wannan ce ta ƙarshe fa. Daga bana an rufe."

A gida ta tarar da shi yana ta shafa jar motarsa da tsumma. Motar tsere ce, guda hamsin kacal kamfanin ya ƙera, don gudu ɗaya a miƙe, ba kwana. Shekara goma sha ɗaya bawan Allah ya yi yana raba ta da tsatsa.

"Delu, kin samo? Ajiye ta gun 'yan'uwanta uku. Baɗi in sun cika biyar, ɗanki Sabo ya ja ni har ƙarshen tsohon filin jirgi."

"Malam, a tashe ta yau mana. Ko rabin filin ne."

"Ke da kike cewa ƙararta na firgita miki kaji?"

"Kajin sa haƙura."

Hannunsa ya tsaya cak a kan motar. Ya karɓi kwalbar, ya jijjiga ta kusa da kunnensa.

"Me suka ce miki a can?"

Ta juya, ta shiga tattaro sauran kwalaben uku.

Ya ninke tsumman a hankali. "Kira min Sabo," in ji shi.