Yarinyar Gonar Albasa

Da masu binciken tarihi suka share inda ruwa ya zaftare gonar albasar wani tsoho a Katanga, sai ga ƙasusuwan yarinya, ta duƙunƙune kamar mai barci, ga fasassun tukwane a gefenta. Tsohon ya durƙusa.

"Baba, gonarka ta shiga tarihi," in ji shugabarsu. "Tukwanen nan sun nuna yarinyar ta fi shekara dubu a kwance."

Ɗalibanta suka hau murna da ɗaukar hoto.

"Kin tabbata, ɗiyata? Ƙara dubawa dai."

"Na tabbata, Baba."

Tsohon ya miƙe. Sannan ya ninke likkafanin da ya zo da shi, wanda ya saya tun daminar da gulbi ya tafi da autarsa.