Ƙofar Raga

Tun da zazzaɓin dengi iri biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya suka haifi na uku, hukuma ta raba garin da katangar raga. Aka ɗaura wa kowa zare bisa irin zazzaɓin da ke jininsa. Masu koren zare a hannu suna gabas, masu ja suna yamma, don kada sauro ya gauraya jininsu.

Hansatu koren zare gare ta. 'Yarta Kubura kuwa a yamma take aure, kuma tun hantsi take naƙuda. Hansatu ta lulluɓa da gidan sauro daga kai har ƙafa, ta je ta tsaya gaban mai gadin ƙofa.

"Inna, ki koma," in ji shi. "In kin tsallaka babu dawowa, gidanki ma rufe shi za a yi."

"To, a rufe. Ɗan nan, ni na haife ta ko ragar nan?"

"Doka ce, Inna."

"Sauro aka yi wa dokar. Ka ga fiffike a jikina?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya baya kamar mai neman wani abu. Ta zare sakatar da kanta ta wuce.

Ta tarar Kubura ta sauka, an sami mace. Ma'aikaciyar lafiya na tsaye da zare kala uku a hannu, ta rasa wanda za ta ɗaura wa jaririyar. Hansatu ta karɓe jikarta ta rungume.

"Ku gama shawararku," ta ce. "Mu wanka za mu yi."