Ƙafar Inna

Sakamakon jarrabawar farko ya fito, sunanta na can ƙasan takarda. A motar komawa unguwarsu, Atrone, ta gama shirya yadda za ta gaya wa mahaifiyarta cewa karatun likita ya fi ƙarfinta.

Ta tarar da ita zaune a tabarma.

"Doktor, zo ki matsa mini ƙafa. Kwana biyu nauyi take mini."

Ta durƙusa ta danna idon sawun da ya kumbura. Da ta ɗaga yatsa, ramin bai ciko ba. Irinsa malaminsu ya nuna musu a darasin ciwon zuciya.

"Na ga magana a bakinki. Mene ne?"

"Ba komai, Inna. Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."