Allurar Bayan Suna

Washegarin suna Lantana ta tasa 'yarta Saude a gaba sai asibitin masaƙa. Doka ce yanzu, mai jego ba ta komawa bakin aiki sai an yi mata allurar da ke cire mata damuwar jariri, ga shi kuwa aikin Saude ne ke ciyar da gidan.

A ƙofar ɗakin allura an ajiye akwatin gilashi, uwar ɓera fara na ciki tana cin gyaɗa hankali kwance, 'ya'yanta jajaye suna tsuwa a lungu.

"Irinsu aka fara yi wa," in ji malamar asibiti. "Kun ga har ƙiba ta yi."

Saude ta ƙanƙame jaririn. "Inna, don Allah mu koma. Wallahi zan iya aikin a haka."

"Ke, miƙa hannu," in ji Lantana. "Mutane na jira. Son ɗa za ki tuƙa mana da dare? Yi bisimilla."

Lantana da kanta ta riƙe mata damtse aka yi allurar.

A hanya yaron ya tsala kuka. Ɗan fari ne, don kunya Saude ba ta kama sunansa, sai dai ta faki ido ta sunsuni kansa. Yanzu kuwa a tsakiyar titi ta miƙo shi da hannu ɗaya.

"Inna, karɓi Sabi'un nan, ya cika min kunne."

Lantana ta cafe shi, ta buɗe baki za ta yi faɗan rashin kunya. Saude ta riga ta yi gaba abinta tana gyara mayafi, ko waiwaye babu.