Dutse na Goma Sha Biyu

Sha ɗaya. Nafisatu ta sake bin akwatin da yatsa, gurbi bayan gurbi, har yanzu dai sha ɗaya ne. Gurbi na goma sha biyu babu komai a ciki sai audugar da aka shimfiɗa.

Ƙarfe tara saura kwata. Ƙarfe sha ɗaya sufeto zai shigo ajinta, ya zauna a bencin baya, ya ji yadda take koyar da darasin duwatsu da ma'adanai. Shekara uku ke nan tana malamar wucin gadi a wannan makarantar sakandare ta Garuwa, kuma abin da mutumin zai rubuta yau shi ne zai sa a riƙe ta ko a sallame ta.

Ga shi akwatin ma na aro ne. Madam Honorine, shugabar sashen kimiyya, sai da ta ja mata kunne sau uku kafin ta saki. Sauran duwatsun kowa na iya tsintar irinsu a hanyar Pitowa, amma na sha biyun tun daga jami'a Madam Honorine ta taho da shi. Trona sunansa a littafi: fari mai ɗan ja-ja, da tsinkaye masu ƙyalli jere kamar haƙoran mataji. A kansa Nafisatu ta ɗora darasin kacokan, yadda ruwan tafki ke ƙafewa ya bar abin da ya narke a cikinsa ya daskare.

Ta zazzage jakarta. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗaga rajista, ta sake zazzage jakar kamar dutse zai tsiro a ciki. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

Ta tsaya ta bi sawun akwatin a ranta. Jiya da la'asar a gida yake, cif sha biyu. Ta baje su a tabarma tana rubuta wa kowanne suna, Goggo Hassana, yayar mahaifinta, na gefe tana tsintar wake tana mitar cewa waken tsoho ne, ko an kwana ana hura masa wuta ba ya jin magana. Sau ɗaya Nafisatu ta tashi, da Madam Honorine ta kira don ta ja kunne na huɗu. Da ta dawo ta tarar Goggo ta mayar mata da kayan ta rufe, wai kar kaji su hau. Da safe ta rungumi akwatin da kular abincinta a bayan babur ɗin ɗan moto har bakin makaranta. Daga ɗakin malamai zuwa aji kuwa, mutum ɗaya ce ta ɗauka.

Khaula.

Ɗiyar Alhaji Dauda dillalin shanu ce, ga kai ga baki, bakin kuma ya fi yawa. Shekaranjiya da aka zagaya da duwatsun a aji, kowa ya taɓa ya miƙa, ita sai da ta ɗora harshe a kan trona, ta kwashe da dariya.

"Madam, ai shanun babanmu ma..."

Aji ya ɗauki dariya tun ba ta ƙarasa ba. Nafisatu ta buga tebur ta ce mata nan aji ne, ba kasuwar shanu ba.

Yanzu ta kira ta gaban allo. Aka juye jakar yarinyar a gaban ɗalibai sittin: littattafai, biro biyu, ƙullin gyaɗa. Babu dutse.

"Ina kika ɓoye shi?"

"Madam, wallahi ban buɗe ba. Kuma in dai wannan abin ne, me zan sata a ciki?"

Nafisatu ta ji maganar a matsayin raini tsagwaronsa, kuma tsoro ya riga ya cinye mata haƙuri. Ta tasa ta gaba har ofishin mai ladabtarwa. Nan take aka rubuta: sata, korar kwana takwas, kuma gobe uban ya zo da kansa. Khaula ba ta yi kuka ba. Ta dai tsaya tana kallon malamarta, kallon da ya fi kuka ciwo, sannan ta saɓa jakarta ta nufi ƙofa.

Saura minti ashirin. Nafisatu ta ruga wurin mai ƙosai a bakin makaranta ta roƙi ɗan gishiri mai tsakuwa. Da shi ta yi darasin. Alli ya karye mata sau biyu, amma ɗalibai sun gane, sufeto ya yi ta gyaɗa kai. Da zai fita ya ce mata malamin kirki shi ne mai koyarwa da abin da ke kusa da shi.

Ta koma ɗakin malamai. Saura fuskantar Madam Honorine, amma tana da amsa a shirye: an kama mai laifi, an hukunta. Sai lokacin ta tuna ba ta karya ba. Ta buɗe kula, ta kai cokali. Waken ya yi luguf, yana narkewa a harshe tun ba a tauna ba. Sai da ta ci rabi wayarta ta yi ƙara.

"Nafi, kin ci abincin?" Muryar Goggo fal da nishaɗi.

"Ina ci, Goggo. Yau kam kin yi maganin waken nan."

"Ba ni ba ce, 'yar nan, ke ce. Kanwar nan da kika kawo cikin akwati, rabona da mai kyau irinta tun ina amarya. Na daka ta tas na zuba a kwalba. In da saura a makarantar taku, ki taho mana da ita."