Ranar da Baba ya murza ƙasar filin ƙwallo

Wata la'asar Baba ya goya ni a babur zuwa ganin makarantar kwana, wadda ake komawa gida duk Juma'a. Ina ta zumuɗi saboda filin ƙwallonta, amma Baba bai amince ba tukuna.

Malami na nuna masa ajujuwa, sai ya zarce filin. Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina, kamar yadda yake yi wa gonar albasarmu a Kura kafin dashe.

"Babu tsakuwa," in ji shi. "Ko ka faɗi ba za ta ci gwiwarka ba. Bismillah, nan zan dasa ka."

Allah Ya jiƙan Baba. Har yau in na tuna, ƙafafuna gudu suke so.