Ɗingishin Duƙusar Hamajoɗa

Kwana uku ke nan duƙusar ba ta taka ƙafar hagu ta gaba. Hamajoɗa, tsohon ɗan dokan En'e, ya shafa mata man shanu, ya gasa da ruwan zafi, kumburin sai gaba yake yi. Idonsa ya yi rauni, da lalube yake komai.

Ita kaɗai ta rage masa. 'Ya'ya babu, kakin ɗan dokan ya tafi tun zuwan mulkin soja, uwar duƙusar kuma ta mutu sati biyu da haihuwa. Tun yana saurayi jinin dawakin nan ke gidansa a Yola, da gora yake shayar da wannan kamar jaririya.

Da hantsi Malam Ishaku, sabon malamin dabbobi, ya iso daga Jimeta a kan kekensa. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce shi ɗan Mbamoi ne, ya daɗe da sanin Baba.

Aiki kam ya iya. Ya sa aka ja ta ya ga tafiyarta, ya auna zafin jikinta, ya matsa cibiya, don ta nan ciwon gaɓa kan shigi jariran dawaki. Ya lanƙwasa gwiwa, ya bi ƙafar da yatsa har saman kofato. A nan ya ɗan jima. Sai ya tambaya ko jikar farar goɗiyar nan ce da Baba ke hawa a da. Tsohon ya washe baki, ya ce ita ce.

“Baba, mugunya ta cinye gaɓar. Barinta da rai zalunci ne.”

Hamajoɗa ya roƙi allura, ya roƙi ko kwana biyu. Ishaku ya girgiza kai, ya ce sai dai a harbe ta, kuma harbin ma ya fi kyau daga hannun mai ita. Harbin farko bai same ta daidai ba, sai da tsohon ya sake ɗura bindiga yana kuka, ita tana kiransa.

Ishaku ya hau kekensa cikin nishaɗi. Ya sani sarai, silin gashin wutsiya ne kawai ya naɗe saman kofaton ya nutse cikin fata, aikin reza na minti ɗaya. Amma gwiwoyin ubansa ba su taɓa warkewa ba tun ranar da Hamajoɗa ya ɗaure shi a bayan farar goɗiya, ya ja shi daga Mbamoi har Yola, don bai sauka daga jaki ya gaishe shi ba.